Ciwon Mahaifar Yaya Saude da Abin da Ya Tono a Gidanmu

Mu uku ne a wurin iyayenmu: Yaya Saude ce babba, sai Yaya Sabo, sai ni Binta, auta. Yaya Saude tana aure a wani ƙauye gabas da Kunci, a gidan Malam Iliya, manomi. Ni ina koyarwa a firamaren garinmu, tsakaninmu tafiya ce kaɗan a babur. Ni na yi jinyarta tun daga farko har ta miƙe, kuma da izininta nake rubuta wannan, don matan da za su ga irin abin da ta gani su san abin da ya kamata su yi tun da wuri.

Abin ya fara ne da damina. Tana da shekara arba'in da 'yan kai, 'ya'yanta shida, autarta ta shiga makaranta. Al'adarta ce ta rikice. Sai jini ya zo ya ɗauke, ta yi wanka, ba a jima ba ta sake gani. Abin da ya fara damunta a lokacin shi ne sallarta. Ta je ta tambayi malamar Islamiyyarsu, malamar ta ce mata tunda ya wuce kwanakin da aka sani, jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi ƙunzugu ta ci gaba da salla. Malamar ta ƙara da cewa ta je asibiti a duba ta. Yaya ta riƙe maganar salla, ta bar maganar asibiti, domin lokacin noma ne, ita ke dafa wa 'yan aiki abinci.

Ranar kasuwa Malam Iliya ya sayo mata ƙwayoyi a kemis, masu tsayar da jini. Suka yi aiki na ɗan lokaci. Tsofaffin gidansu suka ce girma ne ya zo, haka al'ada take yi in za ta yi sallama da mace. Wata maƙwabciya ta kawo sassaƙe aka jiƙa mata. Duk wanda ya kawo abu da kyakkyawar niyya ya kawo, ita kuma duk ta sha.

Ni ban san komai ba sai da kaka. Na je taya su tsinkar gyaɗa, muna zaune a inuwar rumbu, na lura tana yi tana hutawa, tana numfashi kamar wadda ta yi gudu. Na kama hannunta na juya tafin, fari fat. Na ja fatar idonta, nan ma haka.

Na ce, "Yaya, tun yaushe?"

Ta ce, "Tun ana shuka."

"Kuma ba ki faɗa ba?"

"Me zan ce, Binta? Abin mata ne. Zai wuce."

Bai wuce ba. A makon ta faɗi a gindin turmi tana daka. Aka ɗauko ta a babur, an sa ta a tsakiya, zuwa asibitin ƙaramar hukuma. Suka auna suka ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara mata. Yaya Sabo ne ya fara miƙa hannu. Shi mai awon hatsi ne a kasuwa, mutum ne mai raha, ba ya zama wuri ba a yi dariya ba. Mai ɗibar jinin ya gwada nasa ya ce, "Malam, kai ma naka bai kai a ɗiba ba." Yaya Sabo ya yi dariya ya ce ai basir ne ke shanye masa, ya daɗe da shi. Ƙanen Malam Iliya ne ya bayar. Babu wanda ya sake tunanin maganar a ranar.

Bayan ta ɗan farfaɗo aka yi mata hoton ciki. Likitan ya ce bangon mahaifarta ya yi kauri fiye da yadda ya kamata, kuma abin ya fi ƙarfin wurinsu, mu tafi babban asibiti a Kano.

Wanda bai taɓa kai mara lafiya birni daga ƙauye ba, ga yadda abin yake. Ana idar da sallar asuba za ku hau babur zuwa bakin titi, ku jira mota ta cika, ku bi ta Bichi, ku isa hantsi ya yi. Kafin ku yanki kati an rufe karɓar sababbin marasa lafiya na ranar. Zuwanmu na farko haka muka dawo ba mu ga kowa ba, Yaya tana kwance a kafaɗata a mota, zaninta ya ɓaci, ta rufe da mayafi. Daga nan muka nemi masauki wurin wata 'yar ƙawar mahaifiyarmu a Kurna. Ɗaki ɗaya gare ta da yara, amma ta shimfiɗa mana tabarma ta ce mu zauna har Allah Ya yanke. Ba zan iya biyan matar nan ba. Na bar ajina a hannun abokiyar aikina, yarana kuma wurin kakarsu.

A zuwa na gaba muka ga likitar mata. Mace ce matashiya, ba ta da yawan fara'a, amma tana sauraro. Ta ce za a ɗebi ɗan nama daga cikin mahaifar a kai ɗakin gwaji. Aka ɗiba, Yaya ta ce ya yi zafi amma bai kai haihuwa ba. Aka ce mu dawo bayan 'yan makonni. Muka dawo aka ce bai fito ba. Muka sake dawowa, likitoci suna yajin aiki, ƙofa a rufe, mutane zazzaune a ƙarƙashin bishiya da ledojin magani. A duk wannan lokacin jinin bai tsaya ba. Ni ke wanke mata tsummokara ina shanyawa a bayan ɗaki, ina dafa mata zogale da hanta in an samu.

Da sakamakon ya fito likitar ta sa aka kira Malam Iliya ya shigo. Ta ce, "Ciwon daji ne a cikin mahaifa. Ina ganin bai yi nisa ba. Maganinsa a cire mahaifar gaba ɗaya, da ƙwayayen haihuwa." Malam Iliya ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Yaya ta tambayi abu ɗaya: in an cire, jinin zai tsaya? Likitar ta ce zai tsaya.

Da muka koma gida da labarin, shawarwari suka yi ta zuwa. Mafi yawa magana ɗaya ce: daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da wuƙa ko allura zai bazu a jiki. Wani ya ba da labarin mai magani a wajen Shanono da ke warkar da shi da shafe-shafe. Yayan Malam Iliya ya zo takanas ya ce kada a kuskura a yanka ta, ya ga wadda aka yanka ba ta kai kaka ba. Malam Iliya mutum ne mai jin maganar na gaba da shi, sai ya shiga ruɗu. Makonni suka wuce ana jiƙe-jiƙe.

Yaya ce ta yanke maganar da kanta. Ina zaune a ɗakin lokacin da ya shigo duba ta. Ba ta saba yi masa doguwar magana a gaban mutane ba, amma ranar ta ce, "Malam, ni ke kwana da abin nan ni ke tashi da shi. Na sha na gida har cikina ya ƙi karɓa. Mahaifar nan ta ba ka shida, ta gama aikinta. Ka sa hannu a cire. In kwana ya ƙare, ko a nan ko a can ɗaya ne."

Ya tashi ya fita. Ranar kasuwa ya kai ɗaya daga cikin shanun huɗarsa ya sayar. Daminar da ta biyo baya haya ya yi kafin ya yi huɗa, kuma ban taɓa jin ya ambata ba.

An yi aikin lafiya. Jinyar bayan aiki ita ce mai wuya, kuma a asibitinmu ɗan jinya shi ne rabin ma'aikata. Ni ke zuwa sayo magani da safar hannu da ruwan da ake ɗaura mata, ni ke zubar da robar fitsari, ni ke juya ta. Kwana a ƙasa ake yi a gefen gado, wani lokaci a kore mu waje. Akwai wata nas dattijuwa da ta koya mini yadda zan tallafe ta ta tashi ba tare da ɗinkin ya ja ba, kuma ita ta tilasta mata takawa tun a kwanakin farko, tana cewa, "Tashi, Hajiya, gadon nan ba naki ba ne, aro aka ba ki." Akwai kuma wadda in ka kira ta sai ta gama abin da take yi a waya. Ɗinkin ya ɗan yi ruwa a gefe ɗaya, aka yi ta wankewa kullum, wannan ya ƙara mana zama. Abincinta kunun gyaɗa ne da farko, sai fate, sai tuwo mai laushi. Ranar da ta yi salla a tsaye ba tare da ƙunzugu ba, da ta sallame ta daɗe zaune a kan sallaya.

Kafin a sallame mu likitar ta zo zagaye, ta tsaya tana duba fayil, sai ta ce da ni, "Shekarunta sun yi kaɗan da wannan ciwon. An fi ganinsa ga matan da suka daɗe da daina al'ada. A danginku akwai wanda ya yi daji? Ba na mahaifa kaɗai ba, har na hanji ko na ciki."

Na ce Babanmu dai ciwon ciki ne ajalinsa, ina sakandare, ya rame ƙwarai kafin ya rasu, amma ba a taɓa ce mana daji ba ne. Ta ce in je in tambayi manya, in tambaya da kyau, wa da wa, kuma suna da shekara nawa.

Wadda ta rage a ɗakin su Baba ita ce Gwaggo Tabawa, yayarsa. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma ba ta manta komai ba. Na same ta tana ɓarar wake a faranti. Da na yi tambayar ta ajiye farantin.

Ta ce, "Wa ya aiko ki?"

Na ce likita.

Ta ce, "To. Ubanku kin sani. Bayan gida da jini ya yi ta yi, shekara guda ana cewa basir, daga baya cikin ya toshe. Baffanku Ado, ke ba ki san shi ba, shi ma haka, ko furfura bai yi ba. Hajara ƙanwarmu jini ne ya tsinke mata kamar na Saude, tana goyon autanta. Kafin su duka kuma Iyarmu, kakarku, ita ma cikin ne. Ni kaɗai ya tsallake, ban san dalili ba."

Na ce, "Gwaggo, me ya sa ba a taɓa faɗa mana ba?"

Ta ce, "Me za a faɗa? Da Ado ya rasu aka ce sammu ne, saboda rigimar gona. Har yau akwai gidan da ba ma shiga saboda wannan zargin. Mu dai a tsakaninmu ciwon gida muke ce masa, kuma ba a faɗinsa a waje."

Na kai wa likitar wannan duka. Ta ce akwai gwajin da ake yi a kan naman da aka cire, amma ba a yinsa a nan, sai an aika Legas, kuma da kuɗi. Muka yi shawara, na sayar da tumakina biyu aka aika. Ya ɗauki lokaci kafin ya dawo.

Bayanin da ta yi mana ranar shi ne abin da ya fi zauna mini a duk zaman asibitin, kuma zan faɗe shi yadda na fahimta. Ta ce jikin mutum kullum cikin sabunta kansa yake, ƙwayoyin halitta suna rabuwa suna haifar wasu, kuma kowace tana ɗauke da wani tsari a rubuce wanda sai an kwafa wa sabuwar. Wajen kwafar ana yin kuskure, ga kowa haka yake. Amma Allah Ya sa masu gyara a cikin jiki, suna bin baya suna duba abin da aka kwafa.

Ta ce da ni, "Ke malama ce. Ki ɗauka yara suna kwafar darasi daga littafin juna, babu wanda ke dubawa. Wannan ya yi kuskure, na gaba ya kwafi kuskuren ya ƙara nasa. Kafin ƙarshen zango abin da ke littafin ba shi ne aka rubuta a allo ba. A naman yayarki mun nemi masu gyaran, wasu daga cikinsu babu su. Kurakurai suka taru har wasu ƙwayoyi suka daina bin tsari. Shi ne dajin."

Ta ce wani lokaci rashin masu gyaran a cikin ƙarin, wato naman dajin, kaɗai yake faruwa, ba gado ba ne. Amma in aka haɗa irin wanda aka gani a nata da labarin Gwaggo, ta fi ƙarfafa zaton gado ne. Gwajin jini ne zai tabbatar, shi kuma ƙasar waje ake kai shi, ba ta ga amfanin mu sayar da gona a kansa ba. Ta ce mu ɗauka muna da shi mu yi aiki da haka. Uwa ko uba mai ɗauke da shi, kowane ɗa zai iya gada, zai iya tsira, rabi da rabi ne. Wanda ya gada ba dole ne ya yi daji ba, amma ya fi sauran mutane kusa da shi, musamman a hanji, ga mata kuma har da mahaifa, kuma yakan zo da wuri. Abin yi shi ne duba hanji da na'ura lokaci-lokaci tun mutum yana jin kansa lafiya, domin yakan fara ne da ɗan tsiro wanda ake iya cirewa nan take. Mace kuma duk jinin da ya saɓa wa al'adarta, kada ta jira.

Yaya ta ce, "Ke nan 'ya'yana ma?"

Likitar ta ce, "Wasu, watakila. Amma su za su sani tun da wuri. Ke ba ki sani ba."

Ta kuma ambaci wani sabon magani da ta ce irin wannan dajin yana jinsa sosai in ya dawo, sai dai tsadarsa ta wuce a yi maganarta. Na ji daɗin cewa akwai shi, na kuma ji haushin cewa ba namu ba ne.

Saboda ƙarin ya ɗan shiga cikin naman mahaifar, aka ce sai an yi mata gashi, wato a ƙona wurin da hasken wani inji. Aka sa sunanta a layi. Da layin ya kusa zuwa kanta injin ya lalace, muka koma gida muka jira. Da aka gyara muka koma Kurna muka zauna makonni, kullum da safe mu je. Gashin kansa ba ya zafi, kuma ba ya ɗaukar lokaci, jiran ne mai tsawo. Amma ya sa mata gudawa da gajiya, fatar mararta ta yi duhu tana saɓa. A wurin jiran muka saba da mata daga jihohi daban-daban, ana raba ƙosai ana tambayar juna jiki. Wasu mun daina ganinsu, ba mu tambaya ba.

Tun kafin a gama gashin na samu Yaya Sabo da maganar. Na same shi a ƙofar gidansa da yamma yana ɗinke bakin buhu. Na faɗa masa abin da Gwaggo ta ce da abin da likita ta ce, na tuna masa ranar da aka ƙi ɗibar jininsa.

Ya ce, "Yanzu ke so kike in je in kwanta a tura mini roba ta ƙasa? Ni? Da girmana?"

Na ce, "Ana sa mutum barci, Yaya. Namiji ne zai yi."

Ya ce, "Basir gare ni, Binta. Rabin 'yan kasuwar nan suna da shi. Ina shan magani kuma ina jin sauƙi." Sai ya rage murya. "Kuma ki iya bakinki. Ina da 'ya'ya mata, ke ma kina da su. Kina so a ce gidan Babanmu Malam Haruna gidan daji ne? Wa zai zo neman aure?"

Ni ma na yi tunanin wannan. Yaya Saude da ta dawo ta kira shi har ɗakinta, ta roƙe shi, ta ce ya dubi abin da jira ya jawo mata. Ya ce to, bayan kaka. Bayan kaka ya ce sai an gama cinikin hatsi. Ya ci gaba da sayen maganin basir wurin masu mota da lasifika a kasuwa. Ba zan ce bai damu ba. Ina ganin tsoro ne, ya ga yadda Baba ya ƙare, kuma ba ya son a faɗa masa.

Ni na je aka duba hanjina. Wahalar tana ga ranar da ta gabata, ana shan wani ruwa mai yawa mai wanke ciki, mutum ya wuni a hanyar bayan gida. Gwajin kansa ban san an yi ba. Da na farka likitan ya ce ya ga ɗan tsiro ɗaya ƙarami ya cire, daga baya aka gwada aka ce ba daji ba ne tukuna, ya ce in dawo a lokacin da ya sa mini. Yaya Saude ma an duba ta, ba a ga komai ba. Likitar mata ta ce da ni in na gama haihuwa in yi tunanin cire tawa mahaifar tun lafiya lau. Mun yi maganar da maigidana. Har yanzu ban yanke ba.

Yaya Sabo ya kai damina ta biyu. Ya rame, rigunansa suka yi masa yawa, yana cewa azumi ne. Wata ranar kasuwa cikinsa ya kumbura, ba bayan gida ba tusa, yana amai. Muka bi hanyar da muka riga muka sani, ta Bichi. Aka yi masa aiki cikin gaggawa. Likitan ya fito ya ce dajin hanji ne, kuma ya riga ya kai hanta. Aka fitar masa da hanji ta gefen ciki, aka manna leda. Matarsa Ladidi ce ta yi jinyarsa, ni na koya mata abin da na koya a jinyar Yaya: juyawa, wanke ciwo, inda ake samun magani da sauƙi, ƙofar da ake bi in an rufe babbar.

Ya dawo gida ya yi 'yan watanni. Rahar ba ta bar shi ba, har ledar yake yi wa ba'a, yana cewa shi yanzu ba ya bin layin bayan gida da kowa. Wata rana ina ba shi kunu ya ture cokalin ya ce, "Binta, yaran nan in sun kai, ki kai su. Kada ki saurari kowa. In sun ƙi ki ce ni na ce." Na ce to. Ba mu sake yin maganar ba. Ya rasu ana girbin gero. Allah Ya jiƙansa Ya gafarta masa.

A zaman makoki mata sun cika tsakar gida. Kamar yadda aka saba, masu shigowa suna tambaya a hankali, me ya same shi, ana cewa ciwon ciki ne, kwana ya ƙare. Daga can gefe na ji wata tana raɗa cewa gidan nan dai akwai hannu a ciki, ba banza ba. Yaya Saude tana zaune kusa da Ladidi. Ta yi ƙiba kaɗan a lokacin, ta koma aikinta, ba wanda zai ce ta yi ciwo. Sai ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

Ta ce, "Babu hannun kowa. Daji ne, na hanji. Irinsa ne ya ɗauki Baba da Baffa Ado, ɗan'uwansa ne aka cire mini a mahaifa. A jininmu yake, gado ne, kuma ana ganinsa da wuri in an je an duba. Ni ga ni zaune. Binta ma an cire mata nata tun bai zama komai ba. Duk wadda ta haɗa jini da mu ta ji, wadda ba ta haɗa ba ita ma in ta ga jinin da ba ta gane ba ta je asibiti."

Gwaggo Tabawa ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Wasu sun ji haushi, daga baya labari ya zo mana cewa an ce ta tona asirin gida a gaban baƙi, kuma akwai wanda ya ja da baya daga neman babbar 'yar Yaya Sabo. Wani ya zo daga baya, ya san komai, aka ɗaura.

Da yamma mutane suka fara raguwa, ina tattara kwanuka a bayan ɗaki, wata mata ta biyo ni. Na san fuskarta amma ban riƙe sunanta ba. Ta ce ita ce Rahila, daga ƙauyen dangin kakarmu, Iya. Iya daga gidan Maguzawa aka auro ta bayan ta musulunta, danginta suna nan a ƙauyensu yamma da mu, yanzu Kiristoci ne, muna haɗuwa a biki da rasuwa. Iya da kakan Rahila uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Ta ce, "Malama, abin da yayarki ta faɗa. Babana ma cikin ne. Da wansa." Ta duba bayanta ko akwai mai ji. "Ni kuma tun bara nake ganin jini ba lokacinsa ba. Ban faɗa wa kowa ba."

Na ajiye kwanukan na tambaye ta shekarunta, da ko tana jin jiri. Ta ce wani lokaci.

Ta ce, "In mutum ya je, wace ƙofa zai bi? Ni ban taɓa shiga asibitin birni ba."

Na ce ta shirya ranar Litinin, ta zo bakin titi da an idar da asuba, ta taho da zani biyu da abin karyawa. Ni zan kai ta.